Tsohon da Sikeli Bai Sake Shi Ba

A ɗakin shan shayi na tashar jirgin ƙasa ta Doncaster, Glenys mai zuba shayi ta kasa ɗauke ido daga wani tsoho. Jikinsa kamar na yaro, ƙafafu sun lanƙwashe kamar baka, hannuwa duk kanta. Lambobin yaƙi suna reto a ƙirjin kwat ɗin da ta yi masa yawa. Ko ba a faɗa ba, ta san tsohon mahayin dokin tsere ne, irin waɗanda ake aunawa a sikeli kafin sukuwa don kada nauyinsu ya wuce ƙima.

'Yarsa tana tura masa farantin ƙwai da dankali. Ya ɗauki loma guda, ya tauna, ya faki idonta ya tofar a hankici.

"Haba Baba! Likita ya ce ka ci. Dubi wuyanka!"

"Sai an auna ni tukuna. Gobe ina da sukuwa."

"Rabonka da doki tun ina makaranta!"

Takaici ya ishi Glenys. Mutum ya tsallake harsashi, ya ciyar da iyali da yunwar cikinsa, tsufa ya goge masa komai, amma tsoron sikeli yana nan daram.

Tsohon ya mayar wa 'yar farantin.

"Ci, 'yata. Ai don ku nake yi."