Sandar Baffa

Ranar da safe nono nake kaɗawa a rugarmu, gabas da Jahun. Lokacin kaka ne. Dawa na tsaye, mai gari bai yi shelar sakin gonaki ga shanu ba tukuna.

Mahaifina, Baffa, yana da taurin kai a kan abu biyu: ba ya ƙarya, ba ya duka. Ko maraƙi bai taɓa ɗanɗana sandarsa ta kiwo ba, nuni kawai yake da ita. Har tsokanarsa muke, mu ce gara ma ya riƙa fita da ludayi.

Da hantsi Malam Idi ya zo. Manomi ne, aminin Baffa. Duk rani a gonarsa muke sauka, ya bar mana kara, mu bar masa taki. Ya ce garken wasu baƙi masu wucewa ya cinye gonar ƙaninsa, gari ya ɗau zafi. Ya tambaya ko da shanunmu a ciki.

Ba wanda ya gani. Da Baffa ya ce babu, da magana ta mutu. Sai ya ce akwai, jar saniyarmu ta ɓalle ta bi su, shi ya koro ta da asuba. Duk hukuncin da dattawa suka yanke ya karɓa.

Malam Idi ya ce su zo gindin tsamiya bayan azahar a yi sulhu, amma kada kowa ya riƙo sanda. Yayyena biyu suka ƙi. Baffa ya sa suka ajiye, ya miƙo mini tasa. Makiyayi ba sanda, kamar mutum ne ba riga. Haka suka tafi.

Gab da la'asar muka ji ihu daga wajen tsamiya. Sai busar ƙaho. Sai hayaƙi a bukkar farko. A cikin hayaniyar na tsinci muryar da na sani tun ina goye:

"Da bakinsa ya amsa! Ku kewaye rugar!"

Malam Idi ne, wanda nake kai wa kindirmo kyauta duk Juma'a. Har yau ban yafe masa ba.

Na ja hannun Inna muka faɗa cikin dawa. Ganye na yankar mana fuska, shanu na kuka a bayanmu. Muka ratsa fadama, takalmin Inna ya maƙale a taɓo, muka bar shi. Da magariba muka fito titi. Wata motar itace ta kai mu Dutse, gidan kawuna a Takur. Sai da aka ce mu sauko na ga sandar tana hannuna.

Washegari yayyena suka iso, ɗaya da fasasshen kai. Suka ce Baffa bai ɗaga hannu ba, ko don kare fuskarsa. Abu ɗaya yake ta faɗa har rai ya yi halinsa: saniya ɗaya ce.

Bukkokinmu sun ƙone, garke ya watse, ba mu koma ba. Sandar tana jingine a bayan ƙofata. Har yau ba ta taɓa dukan kowa ba.