Maijegon Gidan Amumune

Tasawa zuwa Mayahi

Ana sallame sallar asuba na fita. Ni ungozoma ce, satin nan na dawo daga horon da aka yi mana a Maraɗi kan kula da zuciyar mai haihuwa. An ce mu daina tsawa, mu riƙa tambaya muna saurare. Jiya sai ga waya daga Saratu, ungozomar Gidan Amumune, wai wata maijego mai haihuwar fari ta daina ci, ko jaririnta ba ta kallo. Na ce to, ga inda zan gwada sabon ilimina.

Motar kasuwa na shiga, ni da buhun gero muka raba kujera. A shinge jandarma ya ce, "Madam, lafiya?" Na ce, "Kai fa, yaya zuciyarka?" Ya yi mini kallon mahaukaciya, ya ɗaga igiya.

Mayahi zuwa Gidan Amumune

Na ci waina, na hau kabu-kabu, babur ɗin wani Ila. Tsautsayi ya sa shi ma na tambaye shi yaya zuciyarsa. Ashe tulu ne cike yana jiran a taɓa. Tsadar esansi, wato fetur, ciwon baya, ragonsa da ya mutu bara, duk ya zazzage mini. Yana cikin share hawaye muka kife a rairayi.

"Ila, dubi hanya!"

"Hajiya, ke kika tambaya."

Gidan Amumune

Saratu ta taro ni daga majami'a, ko Littafi ba ta ajiye ba, muka wuce gidan. Hadiza, maijegon, ta juya wa jariri baya. Surukarta na zaune gefe kamar an dasa ta.

An koya mana dangi su ne ƙarfin maijego, don haka na sa tsohuwar ta matso ta riƙe hannunta. Hadiza ta ƙara ƙanƙamewa. Duk abin da na tambaya, "Lafiya lau." Can na tuna haihuwar fari ce. Wace 'ya mai kunya za ta kalli ɗan fari gaban suruka, balle ta faɗi damuwarta? Ni kuma na ƙara manna mata ita!

Na ce, "Inna, direbana na zaure, ciwon baya ya dame shi. Ko kin san magani?" Na san in Ila ya kama ta, sai la'asar.

Tana fita Hadiza ta wawuri jaririn ta rungume, ta fashe da kuka. Wannan karon na saurara.

"Kowa gidansu take zuwa wankan jegon fari," ta ce. "Ni innata ta rasu da damina. Wa zan nuna ma shi?"

Ni ma kukan na yi, ba a koya mana wannan a Maraɗi ba. Saratu ta ce, "Nuna mini. Kullum zan zo in gan shi, mu rufe ƙofa." Hadiza ta miƙa mata shi, sannan ta jawo kwanon kunun kanwa da kanta.

Gida

Na iso Tasawa da magariba, rairayi har cikin kunne. Na gode wa Allah, na gode wa Saratu, na gode wa Ila da ya riƙe mini tsohuwa. Maigida ya ce, "Yaya hanya?" Na ce lafiya lau. Ya dube ni, ya jawo tabarma ya zauna.