Hantsar Kwamfuta

Goggona, yayar babana, ita ta fara kiran abin hantsa, kuma har yau ban ji wanda ya raɗa masa sunan da ya fi wannan dacewa ba. A takardar da ya zo da ita an ce kati ne mai ƙara wa kwamfuta ƙofofin magana huɗu. Ni da na yi shekara biyu ina koyon gyaran kwamfuta a Kazaure, haka nake faɗa wa kowa, ina ɗaga hanci. Goggo kuwa ta ɗauki wayarsa, mai ƙaton kai guda da jela huɗu suna reto, ta jujjuya ta, ta ce wannan ai hantsar saniya ce mai kan nono huɗu, sai dai a bushe take.

A shekarar ne ƙungiyar masu shanu ta wajenmu, tsakanin Gwiwa da Roni, ta gina ɗakin tara madara. Mata su kawo da safe, a auna nauyi, a gwada ko an ƙara ruwa, sannan mota ta kwasa. An kafa tebur biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne da sikelinsa da injin gwajinsa. Na'ura huɗu ke nan, kuma ba wadda ke da fuskar nuna sakamako, duk sai ta bakin kwamfuta suke magana. Ita kuma kwamfutar ƙofa ɗaya tak gare ta irin wadda wayoyinsu ke shiga. Tsohuwa ce, wani ɗan kasuwar Babura ya shigo da ita daga Nijar, ba ta jin komai sai Faransanci.

Goggo ce ta jawo mini aikin. Ita ta goya ni tun ina wata bakwai, lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya, da madarar shanunta na girma, don haka a wajenta duk abin da na iya ita ta iya shi. Ta samu shugaban ƙungiyar ta ce masa kada ya wahalar da kansa neman wani daga Kano, ga 'yarta nan injiniya. Shugaban, wanda muke ce wa Baffa, dattijo ne mai kirki amma mai shakkar komai. Ko agogon hannunsa ya duba sai ya tambayi na kusa da shi ƙarfe nawa. Ya yarda ne kawai don yana jin nauyin Goggo, wadda yake kira Adda, kuma ta girme shi da kusan shekara goma.

Ranar Laraba na hau acaɓa daga Kazaure, katin na cikin jakata a naɗe da ɗankwali. Na tarar Goggo ta riga ni zuwa, ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗakin. Ta ce ta zo ta ga aiki ne, amma na san gadin Baffa ta zo yi, kada ya yi mini magana.

Na cire wayar wuta, na kwance kusoshin gefe da sukudireba, na zare murfin. A ciki na sami yanar gizo da ɓawon gyaɗa guda, wanda har yau ban san yadda ya shiga ba. Kafin in ɗauki katin na dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu, kamar yadda aka koya mana, saboda wutar da ke taruwa a jikin mutum tana iya ƙona kati ba tare da ka ga ko tartsatsi ba. Da na bayyana wa Goggo sai ta ce daidai ne, ita ma ba ta kama hantsar saniya sai ta shafa mata gefe tukuna.

A kan babban allon da ke ciki akwai dogayen ramuka farare guda uku. Na ɓalle ɗan ƙarfen da ya toshe bayan na tsakiya, na daidaita haƙoran katin a bakin ramin, na danna. Ya ƙi shiga. Baffa ya yi gyaran murya, Goggo ta harare shi. Kati ɗaya ne, in na karya shi ba wani. Na sake daidaitawa, na sa manyan yatsuna biyu na danna da ƙarfi, sai na ji ya ce ƙas ya zauna. Na ɗaure shi da kusa, na mayar da murfi, na ɗaura hantsar a baya.

Da na kunna, kwamfuta ta nuna ta ga baƙo amma ba ta san shi ba. Na ce wa Baffa sai na sa mata direba. Ya leƙa waje ya ce ai direban motar sai gobe zai zo. Sai da na nuna masa ɗan faifan da ya zo da katin, na ce wannan shi ne direban, shi ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da baƙon. Faransancin ne ya so ya kunyata ni. Na kira ɗan kasuwar Babura a waya, ina karanta masa kalmomin harafi bayan harafi, yana gaya mini wacce ce "ci gaba" wacce ce "fasa", a bayansa ina jin ana cinikin buhun gero. A haka muka gama.

Kwamfuta ta ba ƙofofin lamba biyar zuwa takwas. Na jona sikelin farko, na buɗe manhajar awon madarar, sai ga wasu haruffa sun fito kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Wannan na san maganinsa. Sikelin yana magana da gudu ɗaya, kwamfuta tana saurare da wani gudun. Na daidaita su duka a kan dubu tara da ɗari shida, lambobi suka fito tsaf, sannan na jona sikeli na biyu. Na sa Goggo ta hau sikelin dama, nauyinta ya fito a layin dama. Ta hau na hagu, ya fito a layin hagu. Ta ce duka biyun ƙarya suke, ba ta kai haka ba.

Wayoyin injinan gwajin gajeru ne, dole na zagaya bayan teburin kwamfutar na tsuguna, ina fuskantar ɗakin. Na ce a raina bakwai na dama, takwas na hagu, na jona. Don in gwada, na zuba wa kowane inji madara daga gorar Goggo, layi biyun suka yi kore, alamar ba ruwa. Na tashi na karkaɗe zanina ina jin kaina kamar ni na ƙera kwamfutar.

Washegari da sassafe mata suka cika wurin da ƙorai da jarkoki, ana ta raha ana leƙen kwamfuta ta taga. An ce Goggo ce za ta buɗe, don ita ce babba, kuma sama da shekara arba'in tana sayar da madara a ƙasar nan ba a taɓa jin an ce ta tsarma ruwa ba. Da wannan suna take taƙama, ba da shanu ba. Ta ɗora jarkarta a teburin dama, aka ɗebi kaɗan aka ba inji. A teburin hagu kuma Baffa ya miƙa wani kofi da ya zo da shi, ya ce na shanunsa ne.

Layin hagu ya yi kore. Layin dama ya yi ja. Malamar da aka ɗauka don rubuta sunaye, baiwar Allah, ba ta tsaya tunani ba ta karanta da ƙarfi cewa madarar Goggo kusan rabinta ruwa ne.

Wata mata a bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi, na ga maganar ta fara tafiya a layi daga kunne zuwa kunne har waje. Na san kafin azahar ta isa Roni. Goggo ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi tsorata ni. Ta dubi jarkarta, ta dube ni, ta ce a hankali, "Injiniya, ke ma kin yarda?"

Ban yarda ba. Na ce a dakata, na durƙusa gaban kwamfutar ina duba gudu, ina duba lambobi, komai yana nan yadda na bar shi. Baffa yana gefe yana ta shafa gemu, gumi na bin wuyansa, ya ƙi kallon kowa. A lokacin na ɗauka tausayin Goggo yake ji.

Na zagaya baya na tsuguna inda na tsuguna jiya, ina bin wayoyin da yatsa ina faɗa a fili, bakwai dama, takwas hagu. Goggo ta biyo ni ta tsaya a kaina tana kallo. Can ta ce, "Ke 'yar nan, daman wa kike faɗa? In na tsuguna gaban saniya, damana ai hagunta ne."

Na ɗaga kai. Ina fuskantar ɗakin, teburin da kowa ke kira na dama yana hannun haguna. Sikelin biyu na jona su ina tsaye ta gaba, injinan kuma na jona su ina baya. Jiya da na gwada, madara ɗaya na zuba wa duka biyun, don haka ba yadda za a yi kuskuren ya fito. Sakamakon teburin hagu ne ya faɗa kan sunan Goggo.

Sai kuma wani abin ya faɗo mini. Idan jan na teburin hagu ne, to kofin Baffa ne rabinsa ruwa. Na leƙo ta gefen kwamfutar na dube shi, shi ma ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ya matso ya raɗa mana cewa shi ya haɗa da hannunsa a gida, rabi da rabi, don ya ga ko injin zai kama. Da ya ga kore sai ya ɗauka an sayar wa ƙungiya injin banza, kuma shi ya matsa a saya, shi ya sa ya kasa buɗe baki.

Ni da Baffa muka haɗa kai nan take. Na ce bari in musanya wayoyin a ɓoye a sake gwadawa, sai a ce inji ne bai gama ɗumama ba. Baffa ya ce wannan shawara ce mai kyau ƙwarai.

"A'a," in ji Goggo. "Da ƙarfi aka karanta sunana. Ku ma da ƙarfi za ku karanta naku."

Haka aka yi. Na tsaya a bakin ƙofa gaban matan da suka san ni tun ina yawo ba zani, na ce ni, injiniya, na kasa bambance dama da hagu. Baffa ya biyo baya ya faɗi labarin kofinsa. Dariyar da aka yi har masu acaɓa suka taso daga bakin titi su ji me ya faru. Goggo ba ta bari na taɓa waya ba sai da ta zare jan zare daga gefen zaninta ta ɗaura a kan nono na bakwai, ta ɗaura wani a wayar injin dama, ta ce ja ya bi ja ko daga ina mutum ya tsuguna. Na musanya. Aka sake ɗibar madararta a gaban kowa, layin dama ya yi kore. Aka sake ba injin hagu daga kofin Baffa, ya yi ja, Baffa ya yi hamdala kamar an yi masa albishir, don ashe injinsa yana aiki.

Goggo ta karɓi ludayi ta cika wani kofi daga jarkarta ta miƙa wa Baffa, ta ce ya sha ya ji yadda madara take. Ragowar haɗin nasa kuma ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu na shanye, salam, ba daɗi, mata na tafa mini.

Daga nan ta kama kaina ta juya shi wajen jama'a, yadda take yi in za ta yi mini kitso ina ƙarama.

"Ku dubi kan nan da kyau," ta ce musu. "Da madarar nan na raine shi tun yana wata bakwai. Da ina sa ruwa, da bai iya buɗe cikin kwamfuta ba." Ta ɗan tsaya, ta dungure ni. "Dama da hagun ne dai ban san inda ta baro su ba, wannan daga dangin uwarta ne."