Orrin Maki da Faifan Winnipeg

A Duluth, duk wanda tukunyar ɗumama gidansa ta taɓa mutuwa a tsakiyar sanyi ya san Orrin Maki, domin gyaranta ne sana'arsa tun yana saurayi. Amma mu da muke taruwa a shagon faya-fayan Bernadette Solheim ranar Asabar da hantsi, da kunnensa muka san shi.

Ranar Juma'a sababbin faya-fayai suke isowa, galibinsu na ƙananan ƙungiyoyin kiɗan rok da pop ne masu cin gashin kansu, waɗanda babu wani babban kamfani a bayansu. Orrin yakan biyo da yamma, ya wanke baƙin man da ke hannunsa, ya zaɓi ɗaya ya tafi da shi gida. Yana da ƙa'ida. Ba ya sauraron waƙa a waya, ba ya kuma karanta abin da wani ya rubuta a kan faifai kafin ya ji da kunnensa. Yakan sauka ɗakin ƙasa, ya ɗora allura a kan faifan, ya zauna har fuskarsa ta biyu ta ƙare, ko da waƙoƙin sun gundure shi. Washegari ya zo shago ya yanke hukunci. In faifai ya gamsar da shi, Bernadette takan manna koren tambari a jikin kwalinsa, kuma faifai mai koren tambari ba ya daɗewa a kan kanta.

Hukuncinsa gajere ne. Ya taɓa cewa da wata ƙungiya, "Jita uku suka saya, amma waƙa ɗaya gare su, riga kawai suke canza mata." Ya ce da wata, "Mai gangarsu sauri yake yi kamar ya baro miya a wuta." Saboda haka Bernadette take kiransa Alƙali. Matarsa Doreen, wadda takan kawo mana burodin kirfa, tana zama a gefe tana murmushi, ba ta cika sa baki ba.

A ƙarshen sanyin bara wani faifai ya zo daga Winnipeg, na wata ƙungiya mai suna Tamarack Laundry. Babu hoton kowa a kwalin, sai kujera a cikin dusar ƙanƙara da sunaye huɗu, na farkonsu Jo Friesen, mai rerawa. Ranar Asabar, kafin a buɗe shago Orrin yana tsaye a ƙofa.

"Bernie, manna tambari," in ji shi. "Manna biyu."

"Biyu? Alƙali, lafiya kake kuwa?"

"Wannan mutumin, Jo, ya ga duniya. Murya kamar jirgin ruwa yana kuka a cikin hazo. Kowa yana gudu, shi tafiyar ƙasaita yake yi. Na rantse ya haura hamsin, kuma an taɓa korarsa daga aiki."

Kafin azahar an saye faifan kaf. Ni ma na sayi ɗaya, na ji dattijon nan mai nauyin murya kamar yadda aka bayyana mana shi. Da Bernadette ta ga haka, sai ta nemi ƙungiyar, suka yarda su tsaya su yi wasa a shagon a hanyarsu ta zuwa Minneapolis. Aka ɗora wa Orrin gabatar da su, shi da bai taɓa tsayawa gaban taro ba. Ya goge riga, ya aske gemu.

Ranar wasan, tun kafin mutane su taru, wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar shago, matasa huɗu suka fito. Wata 'yar siririya mai jar hula ta shigo da jita a kafaɗa, ta miƙa wa Orrin hannu.

"Kai ne Alƙalin da ake faɗi? Ni ce Jo."

Orrin ya leƙa bayanta. "Baban naki yana mota ne?"

"Babana yana Winnipeg, yana sayar da tayoyi. Me ya faru?"

Suka haɗa kaya, suka ɗan taɓa waƙar farko don gwaji. Kalmomin dai su ne, amma kiɗan yana tsalle, muryar kuma siririya ce, tana tashi sama. Orrin ya dafa kantar shagon. Mai gangar ƙungiyar ya dube shi, ya dubi na'urar juya faifai da ke gefe, sai ya tambaya a hankali, "A wane gudu kuke sa shi?"

Kusan kowane babban faifai a gudun zagaye talatin da uku a minti yake juyawa, har ba wanda yake tunanin taɓa maɓallin gudu. Su kuwa waɗannan yara a arba'in da biyar suka yanka nasu don sauti ya fi fita, suka manta ba su buga haka a kwali ba. Mai gangar ya karkata faifan a ƙarƙashin fitila, ya nuna mana lambar an ɗan karce ta kusa da tsakiya. Ashe duk tsawon makonnin nan a rage gudu muke jin sa.

"Ni fa na ji ta a waya tun makon jiya," in ji Doreen, tana yanka burodi.

"Kika yi shiru?"

"Kai ka ce wanda ya ji a waya bai ji komai ba. Wa ya aike ni?"

Mutane sun fara shigowa, kowa da faifansa a hammata, kuma duk a kan maganar Orrin suka saya. In suka daina yarda da maganar nan, koren tambari ya zama takarda kawai. Bernadette ta ja shi gefe. "Alƙali, ƙofar baya a buɗe take. Ni zan gabatar da su, in ce mura ta kama ka."

Ya kalli ƙofar. Sannan ya gyara wuyan rigarsa, ya je ya tsaya gaban jama'a.

"Na cika muku kunne da yabon wani dattijo," in ji shi. "To, babu shi. Ga Jo nan, ko talatin ba ta kai ba, ba a kuma taɓa korarta daga aiki ba."

"An taɓa!" in ji Jo daga baya. Shago ya ɗauki dariya.

"Faifan da na yaba ba shi suka yi ba. Wanda suka yi kuwa ban saurare shi ba tukuna, saboda haka ba ni da hukunci. Bernie, ɓare tambarin. Ranar Asabar za ku ji daga bakina."

Wani ya ɗaga murya daga ƙofa, "Alƙali, gobe ka ɗora tukunyata a gudun da ya dace, ka ji!"

Jo ta ce ba za su fara ba sai ta ji dattijon da kunnenta. Aka ɗora faifan a talatin da uku. Da muryar ta fito, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Amma da aka kai waƙa ta uku sai ta daina dariya, ta dubi abokanta. A ƙarshen wasan, waƙar nan a hankali suka kaɗa ta, ta ce ta Alƙali ce.

Asabar ta zagayo, shago ya cika fiye da kullum. Orrin ya ajiye faifan a kan kantar shagon.

"Na ji shi a gudunsa. Faifai ne mai kyau, yarinyar ta iya gina waƙa. Ta biyar ce kawai ba ta da amfani. Tambari ɗaya."

"Ɗaya?" in ji Bernadette. "Dattijon biyu ka ba shi."

"Dattijon ya fi ta."

Ta manna, mutane suka sa a kawo musu wasu. Har yau Orrin yana zuwa ranar Juma'a, sai dai yanzu ba ya ɗora allura sai ya karkata faifai a ƙarƙashin fitila. Wani lokaci kuma, in ka je gidansu da yamma, za ka ji wata murya mai nauyi tana tasowa daga ɗakin ƙasa. Doreen takan nuna matakala da haɓa ta ce, "Sauka, yana can wajen abokinsa."