Kusurwa da Allonsa Mai Gefe Shida

Kafinta ne, shekara talatin da wani abu yana aikin ƙofofi da kabad a shagon da ke jikin gidansa. Ana ce masa Kusurwa saboda ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ko gidan mutane ya je gaisuwa, sai ya tashi ya gyara musu hoton bango.

Wasan ces, wato darar Turawa, a hannun yayansa ya koya, tsohon direban babbar mota. Kullum da yamma Yaya da wani malamin makaranta mai ritaya, wanda kowa ke kira Ticha, sukan zo ƙofar shagon. Matsalar ita ce su uku ne, wasan kuwa na mutum biyu. Dole ɗaya ya zauna kallo, kuma mai kallon bakinsa ba ya shiru.

Shi ya sa Kusurwa ya ƙudiri yin allon mutum uku. Wata biyar ya yi yana awo yana gogewa, ya ɓata katako ba adadi, kafin ya fitar da allo mai gefe shida. Ya sassaƙa runduna ta uku, ya shafa mata jan fenti. Matarsa ta leƙo ta ce, “Malam, ƙofar kicin ɗina fa? Tun bara take a ɓalle.” Ya ce gobe.

Ranar farko, cikin minti ashirin Yaya da Ticha suka haɗu suka cinye shi tas, sannan suka juya kan junansu, shi kuma ya koma kallo. Rana ta biyu ma haka.

“Yaya, wannan ai haɗin baki ne!”

“Wane haɗin baki? Kai ka ƙera abin, kai ka fi mu saninsa. In ba mu fara da kai ba, da wa za mu fara?”

Sai ya ƙirƙiro sabon ɗan wasa, ya sa masa suna alƙali. Dogo ne mai faffaɗan kai, yana tsaye a tsakiyar allo, kuma wanda rundunarsa ta fi raguwa shi ke da ikon motsa shi. Ticha ya karanta dokar sau biyu, ya gyara tabarau, ya ce, “Ba ka rubuta cewa ba a cin alƙali ba.” Ya sa doki ya cinye shi. Kusurwa ya ƙara doka. Suka daina cin alƙali, suka koma kewaye shi da ƙananan sojoji har ya rasa inda zai taka. Kusurwa ya kawo raƙumi, mai tsallen da ya fi na doki nisa. Yaya ya ce shi ya tsufa da haddar sabon tsalle, ya riƙa tura raƙumin duk inda ya ga dama, in an yi magana ya ce, “Ni za ka koya wa ces?”

Da dokokin suka cika littafi guda, Kusurwa ya naɗe allon a bargo ya hau bas zuwa ƙungiyar ’yan ces ta cikin gari. Sakataren ya yaba aikin katakon sosai, har ya tambayi irin man da aka shafa. Sannan ya ciro waya ya nuna masa hotuna.

“Baba, ai na mutum uku akwai shi tuntuni, kala-kala ma. Har raƙumin akwai.”

“Alƙalin fa?”

“Shi kam ban taɓa gani ba. Amma mu na biyun muke yi.”

Ya hau bas ya kamo hanyar gida, allon na kan cinyarsa yana zungurar na kusa da shi. Ya iso ya tarar da Yaya da Ticha a benci, ga tsohon allo sun ture shi gefe.

Yaya ya ce, “Ina ka shige? Mun gwada na da, wallahi ba armashi. Kwance bargon.”

Ransa a ɓace ya jera rundunarsa. Suka gama da shi kafin shayinsa ya huce.

Yanzu shekararsa sittin da huɗu, yana kan littafi na uku. Kwanan nan ya fara sassaƙa wani sabon ɗan wasa, ya kuma ƙi gaya wa kowa aikinsa. Ticha ya ce a ba shi dokar ya duba tukuna, Kusurwa ya ce ko kusa.