Inda Yatsan Habu Ya Tsaya

Gidanmu a Talata Mafara gidan mahauta ne, don haka wuta ba ta yanke mana. Idan Baba ya sauke tsire daga tukuba da magariba, sai a kwaso ragowar garwashin a kasko a kai ƙofar ɗakin Iya, kakarmu. Nan muke zagaye ta lokacin sanyi, tufafinmu duk ƙaurin kitse.

Iya tana da wata al'ada da ban gani wurin kowa ba: kowace tatsuniya sau biyu take yin ta. Ta farko tamu ce, da waƙa da kwaikwayon murya. Ta biyu ta ƙanena Habu ce, wanda sanƙarau ya tafi da jinsa tun yana ƙarami. Sai ta hura garwashin ya yi haske, ta juya gare shi yadda zai ga bakinta, ta sake labarin a hankali, gajere-gajere, da hannu da ido. Mu kuwa mu yi ta ƙunƙuni, sabuwa muke so.

"Ku kun ci naku," in ji ta. "Labarin da bai kai ga Habu ba, ban hwaɗe shi ba tukuna."

Akwai wadda ba na mantawa. Wai kurciya ce ta ga maharbi ya zuba guba a tafki. Ta hau kan tsamiya ta rera waƙar gargaɗi mai daɗi, duk namun daji suka ji, suka ƙaurace wa ruwan, suna yaba muryarta. Kunkuru kuwa kansa na cikin ƙoƙon bayansa, bai ji komai ba. Bushiya ce ta taka har inda yake, ta ƙwanƙwasa, ta jira ya leƙo, ta ja shi bakin tafki ta nuna masa matattun kifaye. Ga Habu, Iya cewa kawai ta yi: "Ruwa ya ɓaci. Kunkuru bai jiya ba. Bushiya ta tahi hal ƙohwa tai."

Iya ta daɗe da rasuwa. Habu bai yi nisa a makaranta ba, domin malamai allo suke fuskanta idan suna magana. Yana karatu, amma da yatsa, kalma-kalma. Da ya girma ya bar fawa ya koma wajen Maradun haƙar zinariya, yana kawo duwatsu gida ana dakawa. Ni kuma na zama ma'aikaciyar lafiya.

Da yara suka fara ciwo saboda gubar da ke cikin ƙurar duwatsun, an faɗa a rediyo, an faɗa a masallatai, an zaga kasuwa da lasifika. Kowa ya ji ban da Habu, ga 'yarsa Nana ta fara jijjiga. Tsoro ya kama ni sosai. Lokacin ne aka ba ni aikin rubuta takardar gargaɗi, sai na ɗauki abin da na rubuta na tafi gidansa kafin a buga.

Muka zauna a tabarma ina kallon yatsansa. Ya tsaya a kan "gurɓatar muhalli", ya dube ni. Na soke. Ya sake tsayawa a wata doguwar jimla, na raba ta. Muka yi ta yi har abin da ya rage bai cika tafin hannu ba: Ƙurar dutsen zinariya guba ce. Kada a daka dutse a gida. Yaron da ya yi jijjiga, a kai shi asibiti yau.

Ina yarinya na ɗauka kirkin bushiya ake koya mana. Sai a tabarmar nan na gane cewa gargaɗi bai fita ba sai ya isa ga wanda ya fi kowa wuyar samu, kuma mai faɗa ne zai taka, ba mai ji ba.

Yatsan Habu ya bi layin ƙarshe bai tsaya ba. Ya ɗaga kai ya dubi turmin da ke tsakar gida, inda Nana ke zaune tana wasa da ƙasa.

"Yaya," ya ce da muryarsa mai ƙarfi wadda shi ba ya ji, "ni na kawo mata ciwon nan?"

Ya tashi ya sungume ta ya saɓa a kafaɗa, ya nufi ƙofa ko takalmi bai tsaya sawa ba.