Baƙin Tabarau Tsakanina da Ɗan Farina

A gidanmu ba a kallon ɗan fari. Ban ce ba a ƙaunarsa ba, kallo ne dai ba a yi, kuma ba a kiran sunansa. Haka na taso na tarar. Ni ne ɗan farin mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana so in yi wani aiki, sai ya fuskanci bangon zaure ya ce, "A gaya wa yaron nan taki ba ya kai kansa gona." Ni kuwa ina tsugune a gefensa, babu kowa a zauren sai mu biyu da bangon.

Da Allah ya ba ni nawa ɗan farin, sai kunyar ta ninku, domin sunan mahaifina aka sa masa. Saƙo tsakanina da shi ta bakin ƙanwarsa yake bi. Ko a makaranta haka muka yi ta fama. Ni ne malamin addini a sakandaren jeka-ka-dawo da ke bayan garinmu, wadda gonakin dawa suka matse ta har jikin taga. Karatuna na allo ne da na zaure, hannuna ya fi sakewa da ajami, boko da girmana na tsince shi. Yaron ya yi shekaru a ajina, in zan yi masa tambaya sai in jefa ta ga bencinsu gaba ɗaya, shi kuma ya ba wa bencin amsa.

A shekarar da yake ajin ƙarshe ne wasu 'yan kasuwa biyu, 'yan asalin yankinmu da suka yi arziki a birni, suka fara zuwa makarantar duk Asabar don Allah, ba da ko sisi ba. Ɗaya Hajiya ce mai injin casar shinkafa, mace mai murya kamar ta mai shela. Ɗayan wani Alhaji ne ƙaƙƙarfa, mai sayar da famfon ban ruwa irin mai aiki da hasken rana, yana da shago a wajen madatsar Watari. Suna koya wa yara yadda ake tarbar mai saye, da cika alkawari, da zuwa wuri a kan lokaci, da yadda mutum zai nemi aiki da bakinsa. Wata rana Alhaji ya ce zai ɗauki yara biyu ya koya musu haɗa famfo da gyaransa, ci da kwana duk a kansa.

Ƙanwar yaron ce ta gaya mini cewa yayanta ba ya son komai a duniya kamar wannan gurbi. Ban yi mamaki ba. Tun yana ƙarami babu tocila ko rediyo da ta kwana lafiya a gidanmu, kuma masu noman rani sun fara aiko masa da injinansu in sun ƙi tashi. Gonarmu kuwa, in aka raba ta tsakanin 'ya'yana, kowa zai samu wurin shanya barkono ne kawai.

Sai dai ba da gyara za a zaɓa ba, da hira za a zaɓa. Hajiya ta tsara musu yadda ake yi: ka yi sallama, ka zauna a kujera, ka dubi fuskar mai tambaya, ka faɗi sunanka da na mahaifinka, sannan ka faɗi abin da ka iya. "Manomi ba zai ba ka famfonsa ba kana magana da takalminka," in ji ta.

Makon nan garinmu ya ga abin da bai saba gani ba. Yara suka bazama suna gwaji a kan manya. Mai unguwa ya ce wani yaro ya ƙura masa ido a bakin masallaci har ya koma gida ya duba madubi, yana zaton wani abu ne a hancinsa. Nawa yaron kuwa ya kasa. A gwajin da aka yi a aji, da siminti ya yi hirarsa. Hajiya ta ce masa ya je gida ya yi ta maimaitawa da babban mutum har idonsa ya saba.

Da sanmu na huɗa ya fara. Ina alwala na jiyo shi a bayan rumbu yana gaya wa sa sunansa da abin da ya iya, sa yana tuƙa. Daga nan ya koma wurin Inna, mahaifiyata, wadda ke wasan jika da shi tun yana cikin zani.

"Kai, angona, wane irin kallo ne wannan?" in ji Inna. "Sai yanzu da haƙorana suka zube ka gane ni kyakkyawa ce?"

"Inna, don Allah ki bari. Ki yi kamar ke ce Alhaji."

"To, ni ce Alhaji. Me ka iya ban da cin tuwo?"

"Na iya gyaran inji."

"Ƙarya kake! Tun da ka taɓa rediyona ba ta kama kowa sai mutanen Sin."

"Ai Hausa suke yi, tsohuwa, kunnenki ne ya tsufa."

"Ka ji mara kunya. An kore ka, tun ba a ɗauke ka ba."

A gaban Inna bakinsa kamar an kunna famfo, don haka gwajin bai amfana masa komai ba. Ita ma ta gane. Da yamma ta fito tsakar gida inda nake wanke allo, ta tsaya a gaban randa. Kada a manta, ni ma ɗan farinta ne, ba ta kallona, ba ta kiran sunana. Ta ce wa randar, "A gaya wa mai gidan nan, yaron nan ba sa yake jin nauyi ba, ba kuma ni ba. Wanda yake jin nauyi ya san kansa. In ya bari gurbin nan ya wuce, ni da shi ne."

Na ce wa allona, "An ji."

Kashegari bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a zaure. Na rubuta tambayoyin Hajiya da ajami a bayan wata takarda don kada in ruɗe. Na zauna, ya shigo ya durƙusa can nesa. Ni ina ƙirga azarar rufi, shi yana nazarin saƙar tabarma. Ƙanwarsa ta zauna a tsakiya.

Na ce, "Tambaye shi me ya iya."

Ta ce, "Yaya, Baba ya ce me ka iya."

Ya ce, "Ki ce masa babu komai."

Inna tana bakin ƙofa da sandarta. Ta ce, "Wannan hira ce ko zaman makoki? In kawo muku gumba ne?" Ta juya ta shiga ɗakinta, muka ji tana ta buɗe kwalla. Da ta dawo sai ta jefo wani abu kan tabarma, ta ce wa ƙofa, "A sa wannan."

Baƙin tabarau ne, wanda aka ba ta a asibiti lokacin da aka yi mata aikin yanar ido. Faffaɗa ne, yana rufe har gefen fuska, ƙafarsa ɗaya da zare aka ɗaure ta. Na yi bisimilla na sa. Zaure ya yi duhu kamar hadari ya haɗo. Ƙanwar ta tuntsire da dariya, Inna ta kore ta da sanda.

Na gyara murya na ce, "Sunanka?"

Can sai na ga kansa yana ɗagowa a hankali, kamar na kunkurun da ya ji mutane sun watse. Ya dubi tabarau, bai ga ido ba, sai ya tsaya a nan. Ya faɗi sunansa, sunan mahaifina ke nan, ya ɗora nawa a kai.

Shi bai ga idona ba, amma ni ina ganinsa sarai. Ashe gashin baki ya fara fito masa. Ashe akwai tabo a girarsa ta hagu, ban san ranar da ya same shi ba. Kunnuwansa kuwa na mahaifina ne sak, a buɗe kamar marfin tukunya. Na tambaye shi abin da ya iya, ya fara da in'ina, daga baya ya saki jiki yana bayanin yadda inji ke shaƙar iska ya ƙi jan ruwa, yana kwatantawa da hannu. Rabin maganar ban fahimta ba, amma ban so ya tsaya ba. Na karanta littattafai gwargwadon abin da Allah ya hore mini, ban taɓa cin karo da inda aka hana uba kallon ɗansa ba. Al'ada ce kawai, amma al'ada a wuyan mutum take kwana.

Muka ci gaba da haka kullum da yamma. Wata rana na manta na fita da tabarau zuwa sallar magariba, ladan ya dube ni ya ce, "Malam, takara za ka tsaya ne ba mu sani ba?"

Ranar hira shugaban makaranta ya ce in zo in buɗe da addu'a. Ofishinsa ɗan ƙarami ne, aka zaunar da ni a lungu, bango a dama, tebur a gaba, Alhaji da babbar rigarsa a hagu. Na shafa fatiha na yunƙura zan fita, Alhaji ya dafa gwiwata ya ce, "Haba Malam, zauna mana, albarkarka muke nema." Shi da Hajiya sun san ni da Malam ne kawai, ba su san ina da ɗa a cikin masu nema ba. Fita kuwa sai an tashi Alhaji, tashin Alhaji kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Na zauna ina istigfari.

Yara suka yi ta shiga suna fita. Sai ga nawa. Ya yi sallama da ƙarfinsa, ya ɗaga kai yadda aka koya masa, idonsa ya faɗa cikin nawa tsirara. Nan take ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Tashi ka hau kujera," in ji Hajiya.

Ya hau gefen kujerar kamar mai zafi ce. Ta tambayi sunansa, ya gaya wa aljihun rigarsa. Ta tambayi abin da ya iya, ya ce, "Ɗan kaɗan."

Alhaji ya ce, "Samari, da ni kake magana ko da siminti? In da siminti ne, ba ya ɗaukan ma'aikata." Ya dubi agogonsa. Na ga Hajiya ta girgiza kai, ta juya wajen shugaban makaranta za ta ce a kira na gaba.

Na sa hannu a aljihu neman carbi, sai na ji zaren nan da aka ɗaure ƙafar tabarau. Ban sa shi a aljihun ba, na kuma san wadda ta sa. Na zaro shi na maƙala a fuska.

Alhaji ya juyo. "Malam, lafiya?"

Na ce, "Haske ne ya yi mini yawa."

Taga ɗaya ce a ofishin, ita ma dawa ta rufe ta. Alhaji ya dubi tagar, ya dube ni.

Yaron ya ɗago. Ya fara duban tabarau, ya ja numfashi, sannan ya juya ya dubi Alhaji, ya faɗi sunansa har shugaban makaranta ya zabura. Ya faɗi injinan da ya gyara da waɗanda suka gagare shi. Ya ce bai taɓa buɗe famfo mai aiki da rana ba, kuma abin da ya kawo shi ke nan. Alhaji ya ce, "Ka taɓa ɓata kayan wani?" Ya ce, "Rediyon kakata, ranka ya daɗe. Har yanzu ba ta yafe ba." Hajiya ta yi dariya har mayafinta ya zame.

Da ya fita, Alhaji ya ce, "Malam, kai kake koyar da su. Yaya halin wannan?"

Na fuskanci bango na ce, "Ba a taɓa kawo mini ƙararsa ba."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

Shugaban makaranta ya kasa daurewa, ya ce, "Alhaji, ɗansa ne fa. Na fari."

Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Allah Sarki! Shi ya sa! Ni ma uwata har yau 'waccan' take ce mini." Na roƙe su su bar ni in fita kafin su yanke shawara, don kada a ce da hannuna a ciki. Haka dole Alhaji ya miƙe, da shi da rigarsa, aka ja tebur, na samu hanya.

Suka ɗauke shi, shi da wata yarinya 'yar unguwar gabas. Ƙanwarsa ce ta kawo mini labari, ko da yake shi yana tsaye a bayanta.

Yanzu yana can wajen madatsa, yakan zo gida ranar Juma'a. Mun koma yadda muke, shi da tabarma, ni da azara. Amma in yana da magana, sai ƙanwar ta leƙo ta ce, "Baba, Yaya ya ce wai ko tabarau yana kusa."

Inna ta daɗe tana gaya wa randa cewa wani ya riƙe mata kayanta, har na mayar mata, muka koma aro. Rannan ina zaune a tsakar gida ina rubuta allo da hantsi, na ɗaga kai na gan ta a ƙofar ɗakinta sanye da shi, fuskarta tana wajena. Ta ce wa randa idonta ne ke mata ƙaiƙayi. Na mai da kaina ƙasa. Na riga na gama rubutun, amma na sake tsoma alƙalami a tawada, na bi kan baƙaƙen a hankali tun daga farko.